Mai Riƙon Tsani Ba Ya Amsa Sallama

"Tela! Rabu da keken nan, zo ka kama mini mu kwantar da tsani!"

Muryar Baba Mai Tsani ce ta tsallako layi ta same ni a ƙofar shago, ina fama da keken ɗinki ina neman tura shi ciki. La'asar ce sakaliya, amma gari ya rufe kamar magariba. Hadarin da ya taso daga gabas ba baƙi ba ne irin wanda muka saba gani, ja ne, kuma tun daga nesa kana hango ledoji da takardu suna shawagi a cikinsa. Kajin unguwa duk sun ɓace, ko ɗaya ba ka gani.

Na ce, "Baba, ɗinkin mutane ne a hannuna!"

Ya ce, "Ɗinkin mutane ba ya fasa kan yaro. Wannan kuwa in iska ta ɗaga shi, sai wanda Allah ya kiyaye. Zo mana!"

Na saki keken na ruga. Tsanin yana jingine da katangar gidansa inda yake kullum, dogo, na katako, duk jikinsa ɗigon fenti kala-kala. Muka kwantar da shi a gindin katanga, Baba ya zaro igiya daga aljihu yana ɗaure shi da bututun famfo, yana yi yana tari. Bai gama ƙulli na biyu ba iskar ta iso.

Ƙararta muka fara ji, kamar manyan motoci sun jeru suna bi ta kan gidaje. Sai ƙofofi suka hau bugawa. Baba ya finciki hannun rigata muka faɗa zaurensa. Na ninka shi biyu a jiki, amma shi ya ja ni. Ta kafar ƙofa na ga tankin ruwan gidan maƙwabcinmu Direba yana gangarawa a tsakiyar layi, na ga fallen kwano ya wuce a tsaye ya sare reshen darbejiya. Ba zan yi muku ƙarya ba, babu addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa sai da na haɗa da ita. Baba kuwa yana durƙushe yana ƙwala wa matarsa kira, wadda kowa ke ce wa Iya har shi kansa.

"Iya, bar tukwanen nan! Shiga ƙarƙashin gado!"

Sai muka ji ƙusoshi suna zarewa ɗaya bayan ɗaya. Muka leƙa tsakar gida. Rufin ɗakunan Baba ya ɗaga gaba ɗaya kamar murfin tukunya, ya ɗan tsaya a sama, sannan ya yi gaba. Baba ya bi shi da kallo har ya ɓace a cikin jan duhun nan, ya ce, "To, a sauka lafiya."

Ruwan ma bai sauko ba, ɗan yayyafi aka yi aka ɗauke. Da gari ya lafa muka fito muna ƙirga 'ya'yanmu. Babu wanda ya rasu a layinmu, alhamdulillahi, amma gidajen da rufinsu ya tsira ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Wayoyin wuta suna kwance a ƙasa, katifar wani tana rataye a kan bishiya, allon shagona kuwa sai bayan mako wani mai babur ya kawo mini shi daga wata unguwa. Iya ta fito daga ƙarƙashin gado da ludayi a hannu, ta ɗaga kai ta ga sararin sama a inda silinta yake, ta zauna a bakin gado.

Bari in faɗa muku ko waye Baba. Mai fenti ne, tun ban san zare da allura ba yake shafe gidajen mutane. Warin fenti ya cinye masa ƙirji, har likita ya hana shi aiki, ya ajiye buroshi, 'ya'yansa da ke nesa suna aiko masa da abin da ya samu. Amma tsanin bai ajiye shi ba. Shi kaɗai ne tsanin da ke kaiwa rufi a duk layinmu, kuma bai taɓa hana kowa ba. Sai dai akwai sharaɗi: tsanin ba ya tafiya shi kaɗai. In ka zo aro, Baba zai sa takalminsa ya biyo ka, ya kafa tsanin da kansa, ya riƙe maka har ka sauko. Ko ƙwallon yara ne ya maƙale a kan rufi, haka za a yi.

Mun sha yi masa tsiya a kan haka. Direba yakan ce, "Baba, ko kana tsoron mu sayar da shi ne?" Shi kuwa sai ya ce, "Wa zai sayi wannan tsohon icen? Wuyanku nake gadi. Tunda nake, ba wanda ya taɓa faɗowa daga kan tsanina, kuma ba a kanku za a fara ba." Ni ban taɓa samun matsala da sharaɗinsa ba, don ban taɓa hawa ba. Ni mutum ne da ko kan kujera na hau zan sauya ƙwan fitila sai na ji ƙasa tana juyawa. Baba ya san haka, in ya wuce shagona yakan ce, "Tela, ranar da ka hau tsanina, ni zan saya maka shayi da burodi, har da ƙwai."

Washegarin iskar, tun da sassafe ƙofar gidansa ta cika. Kafinta ɗaya gare mu a layin, saurayi mai zafin nama, sauran kafintocin gari kuwa kowa yana fama da unguwarsa. Tsani ɗaya, kafinta ɗaya, ga hadari yana sake haɗuwa a gabas, kowa yana cewa a fara da nasa. Hayaniya ta kaure, har wasu suna neman ba hammata iska. Baba ya fito da hularsa a hannu, ya jira tarinsa ya lafa, sannan ya yi magana.

"Gidan Direba za a fara, akwai ɗanyen jego. Daga nan sai gidan mai ciwon ƙafa. Sai masu ƙananan yara. Tela, kai falle biyu kawai ka rasa, ka sa bokiti ka jira."

Wani ya ce, "Naka fa, Baba? Naka ne ya fi kowanne lalacewa."

"Nawa yana ƙarshe. Tsanin nan a nan yake kwana, zai dawo gida ai."

Iya tana jin haka daga zaure ta ɗaga labule. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban mutane ba sai ranar.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Likita cewa ya yi ko sanyin asuba kada ya taɓa ka. Jiya a zaure muka kwana, kana numfashi kamar ana jan zarto. In ruwan nan ya sauko, ina zan kai ka?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Iya."

"Wane ɗakin? Kana da ɗaki ne yanzu?"

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, amma ya sa takalminsa. Iya ta saki labulen. Ni na san gaskiya ce ta faɗa, duk mun sani, kuma raina ya ɓaci da taurin kan tsohon nan. Sai dai in Baba ya kafe, gara ka je ka roƙi katanga.

Haka muka shiga zagaye gidaje. Samari suna tsinto kwanon da iska ta watsar suna miƙe shi da guduma, mata suna tara ƙusoshi a gwangwani, Kafinta yana sama, Baba yana gindin tsani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ranar na ga ma'anar maganar da idona. Ni aikina ɗinke tamfol da buhuna, ana shimfiɗa wa waɗanda layi bai zo kansu ba. Na ɗinka wa Iya mafi girma, muka ɗaura shi a kan ɗakin kwanansu, amma ni da na ɗinka na san ba zai tare ruwan kirki ba.

Da rana ta take, na ga ƙafafun Baba suna rawa. Na je na ce, "Baba, kawo in riƙe, ka je ka zauna a inuwa."

Bai kalle ni ba, bai amsa ba. Sai da Kafinta ya sauko shan ruwa sannan ya juyo.

"Me ka ce?"

"Cewa na yi in karɓe ka. Riƙon tsani dai ai ba karatu ba ne."

"Haka ne? Zo ka riƙe mu gani."

Na kama tsanin da hannu ɗaya, ina gyara hula da ɗayan. Ya buge mini hannu kamar yaro.

"Hannu biyu. Ƙafarka ta dama a kan matakin farko, ka sakar mata nauyinka, Allah ya hore maka shi. Idonka a kan ƙafar wanda ke sama, ba a kan fuskarsa ba, ƙafa ce ke fara zamewa. Kuma ba ka magana da kowa. Mai riƙon tsani ba ya amsa sallama."

Na ce, "Haba Baba, sallama fa?"

"In ka amsa za ka juya, in ka juya kafaɗarka ta juya, tsani ya bi ta. Mai sallama zai jira, ba inda za shi. In na sama ya sauko, sai ka amsa masa har da tambayar iyali."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa wasu baƙi ke cewa tsohon nan yana da girman kai. Ya bar ni na riƙe a gida ɗaya, yana zaune a kan bulo yana kallona kamar mai jiran in yi kuskure. Da aka matsa gida na gaba ya karɓe abinsa.

Kwana biyu hadari yana haɗuwa yana bajewa, muna cewa Allah ya ji ƙanmu. A rana ta uku da azahar aka iso gidan Mai Kanti, wata bazawara mai marayu, kuma daga shi sai na Baba. Gidan nata yana da tsawo, ƙasan wurin kuma siminti ne mai santsi. Kafinta yana can ƙololuwa da falle a hannu sai iska mai sanyi ta kaɗa, kafin ka ce kwabo ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya yi ta kansa. Na ruga da lema ina cewa, "Baba, saki in riƙe! Shiga ciki!"

Ko motsi bai yi ba. Ruwa yana zuba a kansa, yana bi ta gemunsa, rigarsa ta manne da haƙarƙarinsa har kana iya ƙirga su. Idonsa yana sama. Kafinta yana rarrafowa a kan jiƙaƙƙen kwano a hankali, yana laluben matakin farko da ƙafa. Na so in ture tsohon in karɓa, amma na san ba a sauya hannu mutum yana sama, shi ya koya mini. Sai na tsaya a bayansa na riƙe masa lemar da iska ke juyawa, ina jin tarin da yake dannewa yana girgiza masa baya. A tsakiyar tsani ƙafar Kafinta ta zame, ya tafi da nauyinsa duka gefe ɗaya. Tsanin ya yi ƙara, amma bai gusa ba.

Da Kafinta ya taka ƙasa, Baba ya saki tsanin ya dube ni, leɓɓansa sun yi fari. Ya ce, "Yanzu me kake cewa, Tela?"

Kafin magariba zazzaɓi ya rufe shi. Direba ya kai mu asibiti, likita ya ce ciwon haƙarƙari ne a kan tsohon ciwo, aka kwantar da shi ana ta allurai. Bayan 'yan kwanaki likitan ya kira Iya gefe ya yi mata magana a hankali, Baba kuma ya ce shi dai a mai da shi layinsa. Ruwa ya riga ya yaga tamfol ɗina ya jiƙa musu komai, don haka falona muka kawo shi. Maman yara ta kwashe kujeru ta shimfiɗa masa katifa kusa da taga, inda zai riƙa jin ƙarar guduma.

Domin a lokacin an fara aikin gidansa. Mutanen layi sun haɗa katako da kwano, kowa ya kawo abin da ya rage masa, ba wanda aka roƙa. Kafinta ya ce ko sisi ba zai karɓa ba. Ni nake riƙe tsani.

Ranar da zai rasu, da hantsi na shigo na same shi idonsa biyu, Iya tana ba shi ruwan ɗumi da cokali. Muryarsa ta dusashe, sai ka sunkuya kake ji.

"An ƙarasa na Mai Kanti?"

"An ƙarasa, Baba. Naka ma saura kaɗan, ɗakin Iya kawai ya rage."

"Wa ke riƙewa?"

"Ni."

"Hannu nawa?"

"Biyu."

"Ka amsa sallama?"

Na ce, "Baba, jiya surukina ya zo takanas duba mu, ya yi sallama har ya gaji, ban ko waiwaya ba. Yanzu haka maman yara ba ta yi mini magana."

Ya yi dariyar da ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi. Iya ta ce, "Ka ga ka sa shi tari." Ya ɗaga hannu ya dafa nata, ya ce, "Iya, kin yi gaskiya fa." Ta ce, "Yau ka sani? Sha ruwanka." Ya kurɓa. Daga can gidansa ana jin gudumar Kafinta, ya lumshe ido yana saurare, bakinsa yana motsi da kalmar shahada. Kafin azahar ya cika. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Washegarin jana'iza Iya ta ce ita ɗakinta za ta koma, a nan za ta karɓi gaisuwa. Falle uku suka rage a kan ɗakin. Sai ga Kafinta ya shigo da hannun dama a naɗe da bandeji, kwano ya yanke shi a tafin hannu har sai da aka yi masa ɗinki. Direba ya yi tafiya, samarin layi sun tafi tashar mota tarbo 'ya'yan Baba. Gabas kuwa ta sake yin baƙi, iska ta fara kaɗa labule.

Muka tsaya a tsakar gida ni da Kafinta muna kallon ramin da ke saman ɗakin. Ta ƙofar ɗakin ana hango gadonsu da katifar da aka sha wahalar busarwa.

Kafinta ya ce, "Aikin ba wuya, an riga an ɗora su a gefen ramin. Jawo su kawai za a yi a buga ƙusa, zan riƙa faɗa maka daga nan."

Na ce, "Wa za ka faɗa wa?"

Ya dube ni. Na waiwaya, ba kowa a bayana sai turmi.

Na ɗaga kai na dubi tsawon tsanin. Na ce, "To ko na hau, wa zai riƙe? Kai hannu ɗaya gare ka."

"Ni zan riƙe."

Iya ce, tana tsaye a ƙofar ɗaki da carbi a hannu. Na ce, "Iya, ke da ke cikin wannan hali? Ga nauyina kuma." Ta rataya carbin a wuya, ta gyara mayafinta ta ɗaure shi a ƙugu.

"Tun kafin a haife ka nake kallon yadda ake yi. Hau, ɗana, kafin ruwan nan ya sauko."

Na cusa ƙusoshi a aljihu, na soke guduma a ɗamara, na yi bisimilla. Mataki na farko da na biyu da sauƙi. Daga nan gumi ya cika mini tafin hannu, ina jin busasshen fentin Baba a ƙarƙashin yatsuna. Ban kalli ƙasa ba har sai da ƙirjina ya kai bakin rufi. Kafinta yana cewa, "A kan tudun kwanon za ka buga, ba a kwarin ba. Yauwa. Matsa dama kaɗan." Ƙusar farko ta lanƙwashe, ta biyu na bugi yatsana, ta uku ta shiga. Tsanin yana tsaye kamar an dasa shi.

Ina kan falle na ƙarshe ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon. A daidai lokacin na ji takun mutane a zaure, mata ne 'yan gaisuwa, su da yawa.

"Salamu alaikum."

Shiru.

"Salamu alaikum, masu gida. Iya, kina ciki?"

Sai na daure na leƙa ƙasa ta ƙarƙashin hammatata. Matan sun shigo tsakar gida sun tsaya cirko-cirko, suna kallon juna. Iya ba ta juya ba. Hannayenta biyu suna kan tsanin, ƙafarta ta dama tana kan matakin farko, yayyafi yana sauka a fuskarta, idonta yana kan ƙafafuna.